Shekarar da Gero Ya Tsiro a Kan Ɗakina

Mijina, Allah ya jiƙansa, manomi ne na gaske. Idan ya kama garma, sai ka ga kunyar gona ta miƙe kamar an ja ta da zare, kuma audugarsa ko a kasuwar Danja ba a raina ta. Abin da ba ya zama lafiya da shi shi ne rani. Da an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, an tsince auduga, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Sauran maza su zauna gindin durumi suna saƙar zana da tufkar igiya, shi kuwa ya riƙa zagaya gida, hannu a baya, yana neman abin da zai gyara tun bai lalace ba.

Turmina ya taɓa yin 'yar tsaga a baki, wadda ba ta hana ni daka ba. Ya ce zai ɗaure shi da ɗanyar fata, idan ta bushe za ta matse tsagar. Kafin ta bushe karnukan unguwa suka ji wari, na wayi gari na tsinci turmina a bayan danga, sun cinye fatar sun haɗa da bakin turmin. Ya kuma taɓa sake wa akurki ƙofa, ta fito daidai yadda kaji ba su iya shiga amma muzuru yana iyawa.

Mu uku ne manya a gidan: ni, da shi, da Inna mahaifiyarsa. Shi ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Idan tana da abin faɗa masa, sai ta jira ya zo kusa, ta watsa wa kaji tsaba, ta faɗa musu. Danga ɗaya kuma ta raba mu da ɗan kawunsa, taubashinsa, mutum mai ƙaton ciki da dariyar da ake ji daga rafi. Duk abin da maigida ya taɓa, kan taubashin nan zai ɓullo ta saman danga.

A wani rani ya ɗora wa jakinsa auduga ya bi fatake zuwa Zariya. A can aka sauke su a gidan wani fatoma mai saukar fatake, a cikin soro. Mu a ƙauyenmu duk ɗakunan jinka ne, har na mai gari, kuma ni ban taɓa ganin soro da idona ba. Ya dawo mini da baƙin zane mai ƙyalli, amma ko buɗe shi ban gama yi ba ya fara ba ni labarin ɗakin da ba ciyawa a kansa. Ba tsoron gobara, ba kunama ta faɗo maka daga jinka, ba wahalar neman shucin baibaya. Ya ce da zafi ya dame su, a saman ɗakin suka hau suka sha iska. Ya ce ya kwanta rigingine ya ƙare wa rufin kallo, ya ga ba wani asiri a ciki, itace ne aka jera aka zuba ƙasa a kai. Har ya auno faɗin ɗakin da igiyar jakinsa, ya yi ƙulli a inda awon ya tsaya.

Sai ya ce ni zai gina wa irinsa.

Gaskiya na ji daɗi. Wace mace ce ba za ta ji ba? Amma na tuna turmina, na tambaye shi a hankali ko ba za a kira magini daga Maska ba. Ya ce maginin Maska hannu biyu gare shi, shi ma biyu gare shi, kuma duk rani da shi ake gyaran ganuwa, ba yau ya fara taɓa laka ba.

Azara ake kira itacen da ake jerawa a rufin soro, daga giginya ake faskaro ta. Ya kai wa masu faskaren igiyar can fadama, ya ce su yanka masa daidai ƙulli, ya bar musu ita. Da ya dawo gida bai iya jira ba. Ya ce ƙafarsa ma ta riƙe faɗin ɗakin, domin ya taka shi a Zariya. Ya taka fili kusa da ɗakina, ya ja layi da bakin fartanya, ya fara haƙa.

Wannan rani ban san hutu ba. Ga goyo a bayana, ga tulu a kaina, daga rijiya zuwa wurin kwaɓa. Shi yana cikin laka har gwiwa yana tattakawa, yana mulmula tubali yana jerawa a rana. An saba a yayyanka ciyawa a zuba cikin ƙasar gini don ta kama jikinta. Ya ga yankan ciyawa zai ɓata masa lokaci, sai ya tafi masussuka ya kwaso ƙaiƙayin gero kwando-kwando ya juye a ciki. Ya ce ai duk ɗaya ne, wannan ma a yanke yake tun daga Allah.

Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, tana kallon bango yana tashi. Ranar da ta fahimci cewa ƙasa za a ɗora a sama, ta ajiye mazari, ta ɗebo tsaba ta watsa.

Ta ce wa kajin, "Ku gaya wa mai aikin can, ni dai a sanina ƙasa ba ta hawa kan mutum sai ranar da aka kai shi. Wanda ke gaggawa ya shiga, ni zan jira lokacina."

Maigida ya ci gaba da ɗora tubali kamar bai ji ba.

Bango ya kai inda ake so, ya bushe, azara ta iso. Aka kira samarin unguwa, taubashi yana gaba, aka ɗaga ta farko aka ɗora kanta a bangon gabas. Da aka zo sauke ɗaya kan a bangon yamma, sai ta wuce ta faɗo cikin ɗakin. Aka ce wannan gajera ce. Aka ɗauko wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Duka tsawonsu ɗaya, kuma duka sun gaza da abin da ya fi kamu. Maigida ya fara faɗa, ya ce masu faskare sun cuce shi. Ya ɗauko igiyar ya gwada, sai ga azara daidai ƙulli, ba ragi. Taubashi ya karɓi igiyar ya duba ɗaya bakin, ya same shi a tattaune, duk ya yi gashi. Ya juya ya dubi jakin da ke ɗaure a turke yana tuƙa, ya ce ashe hanyar Zariya da nisa, bawan Allah ya ji yunwa ya ci rabin ɗaki.

Samari suka yi ta dariya har wani ya zauna a ƙasa. Daga ranar taubashi ya naɗa wa maigida sarautar sarkin magina, bai kuma sauke shi ba har suka tsufa.

Na ɗauka aikin ya mutu ke nan. Maigida ya zauna a kan tarin azara har la'asar, ya tallafe haɓa, ko furar da na kai masa bai taɓa ba. Can sai ya miƙe fuskarsa a sake, ya ce mini ya gano dabara: tunda azara ta ƙi zuwa wurin bango, bango zai zo wurin azara. Na koma ɗaukar tulu. Ya sake yin tubali, ya gina wani bango a cikin bango, gabas da yamma. Da aka gama, kaurin bangon ya kusa kai na ganuwa, cikin ɗakin kuwa idan na tsaya a tsakiya na buɗe hannuwa ina taɓa gefe da gefe. Tsawo dai yana nan. Taubashi ya leƙa ya ce wannan ba ɗaki ba ne, lungu ne aka yi wa rufi.

Aka jera azara, aka shimfiɗa zana a kai, aka zuba ƙasar nan mai ƙaiƙayi aka daddaɓe. Na jiƙa ɓawon ɗorawa na yi makuba, aka shafe sama da ita don kada ruwa ya ratsa. Ya fafe wani kututture ya yi indararo ya kafa ta gaban ɗakin. Ƙasa ta yi ragowa da yawa, ya tara ta a jikin bangon baya, ya ce a bar ta saboda yaɓen baɗi.

Gadona na kara bai shiga ba sai da ya rage masa faɗi. Jeren ƙoraina ma rabi ne ya samu wuri. Ya so ya kwance jinkar tsohon ɗakina, na roƙe shi ya bari saboda sauran kayan, ya yarda. Na tare a soro ana tsakiyar bazara, kuma abin da ba zan ɓoye ba shi ne sanyinsa. Rana ta take a waje har ƙasa ba ta takuwa, ciki kuwa kamar gindin randa. Matan unguwa suka riƙa zuwa da abin kaɗinsu, mu zauna a jere ɗaya bayan ɗaya kamar masu jiran wanzami, domin ba wurin da za a yi da'ira. Maigida ya riƙa wucewa ta ƙofar yana gyaran murya.

Ruwan farko ya sauka da rana tsaka. Ya fito ya tsaya a ƙofar zaure yana jiran ya ga indararonsa yana zuba. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, indararo ko ɗigo. Ya ɗauko tsani ya hau cikin ruwan, ya tarar rufin ya karkata baya, ruwa ya taru can ya zama tafki. Ya sauko ya ɗauki fartanya ya koma ya fasa wa ruwan hanya ta baya. Ruwan ya tsallake danga, ya sauka daidai kan murhun matar taubashi. Ita ta yi ta mita, mijinta kuwa ya mirgino randa ya tara, ya leƙo ya ce Allah ya ja zamanin sarkin magina, ya hutar da iyalinsa zuwa rijiya.

Bayan ruwa ya zauna, wata safiya na fito na ga kan ɗakina ya yi kore shar. Ashe ƙaiƙayin nan da sauran tsaba a cikinsa. Gero ya tsiro a rufin kamar an shuka shi da hannu, ya fi na gona kyau ma, domin ba ciyawa. Masu wucewa gona su tsaya su yi sallama, su tambayi maigida yaushe zai kira gayyar noman sama. Na ce a cire. Ya ce a'a, saiwar ita za ta ƙara riƙe ƙasar, da ma haka ake so. Ban san ko ya yarda da maganar a ransa ba, ko kuwa bakin taubashi yake gudu. Gero ya yi ta tashi har ya kai gwiwa.

Ana cikin haka labari ya kai wa mahaifina, can ƙauyenmu kusa da Malumfashi, cewa 'yarsa tana cikin soro kamar matar hakimi. Baba dattijo ne mai nauyin baki, bai cika tafiya da damina ba, amma wata hidima ta kawo shi wajenmu, ya ce bari ya biyo ya gani. Ya iso da hantsi, an kwana biyu ana ruwa, ranar ma da asuba an yi. Bayan an gaisa a zaure, maigida ya ce a shigo da shi ya sa wa ɗakin albarka. Na shimfiɗa masa buzu a ƙuryar ɗakin, na dama fura da nono na ajiye masa. Maigida ya tsuguna a bakin ƙofa, kai a sunkuye, yadda suruki ke yi. Ni kuma ina tsakani, domin ba hanyar fita sai na tsallake shi.

Baba ya dubi bango, ya dubi azara, ya ce madalla. Ya ɗauki ludayi. Sai muka ji dif-dif a sama. Wata 'yar ƙasa ta zubo a gefen ƙwaryar. Baba ya jawo ƙwaryar kusa da shi, ya tambayi maigida ina ruwa.

Maigida ya ce, "Ruwa ya yi gyara, Baba."

Bai rufe baki ba zana ta yi ƙara, laka ta faɗo tim, sai ga ƙafar akuya ta ɓullo tsakanin azara biyu, daidai saman kan Baba. Jar akuyar Inna ce. Ta bi ta kan tarin ƙasar da aka bari saboda yaɓen baɗi, ta hau, ta samu kiwon da ba mai kora. Ƙafar tana lilo tana shure-shure, mai ƙafar tana kuka a sama kamar ana yanka ta. Laka tana zubo wa maigida a hula, amma kunya ta hana shi ɗaga kai. Baba ya kurɓi fura, ya haɗiye, ya goge gemu, sannan ya ɗaga ido ya daɗe yana kallon kofaton.

Ya ce, "Ashe a garinku har sama ake kiwo."

Maigida ya ce, "Haka ne, Baba," ya ja da baya a tsugune har ya fita.

Muka ji ya jingina tsani, muka ji muryar taubashi yana cewa a kama ta ta ƙaho. Muka ji takun maigida a sama, mai nauyi, yana nufo inda akuyar take. Na buɗe baki in ce ya bi ta gefen bango, ban kai ga faɗa ba rufin ya sake yin ƙara. Ƙafarsa ta dama ta shigo har cinya, kusa da ta akuyar, wando ya tattare. Ƙafa biyu ke nan suna lilo a kan mahaifina, ɗaya da kofato ɗaya da kaushi.

Baba ya ajiye ƙwarya a hankali ya miƙe. Ya sa gindin ludayi ya tura kofaton akuyar sama, taubashi ya ja ta can, ta fita. Sai ya tsaya yana duban ɗaya ƙafar. Ya juyo ya ce mini wannan kam ba huruminsa ba ce, in nemo wanda ya dace. Ya ɗauki furarsa da buzunsa ya koma zaure.

Ban nemo kowa ba. Da gudu na faɗa ɗakin Inna don kada a ji dariyata, na same ta kwance a kan gado ta cusa bakin zane a baki, hawaye yana bin kuncinta. Muka haɗa ido, abin ya ƙara lalacewa. Taubashi ne ya ciro maigida, bayan ya sa shi ya amsa sarautarsa da bakinsa.

Washegari da Baba zai tafi na raka shi bakin gari. Ina jiran ya yi faɗa ko ya yi ba'a, sai ya ce mini mutumin da ya kwashe rani guda cikin laka don matarsa ta kwana a soro ba abin yi wa dariya a waje ba ne. Idan dariyar ta matsa mini, in yi ta a ɗaka. Ya hau jakinsa ya tafi.

Na kwashe kayana na koma tsohon ɗaki. Maigida ya toshe ramukan da tsohuwar zana, ya kwashe tarin ƙasar baya, sannan ya yi shiru. Ba ya zagaya gida, ba ya zuwa gindin durumi, daga gona sai zaure. Tuwo ma sai ya ci rabi ya ture. Ƙafarsa ta kuje amma ba ita ke damunsa ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin na fi son mai ɓata mini turmi da wannan mai shirun. Wata rana da na kai masa abinci na ce ni fa ina kewar ɗakina, ban taɓa yin bazara mai daɗin ta bana ba. Ya dube ni yana neman alamar ba'a, bai samu ba, domin gaskiya na faɗa.

Inna ma ta gaji da ganinsa haka. Wata yamma yana alwala kusa da ɗakinta, ta kira kajinta, ta ba su labarin cewa tana yarinya ta taɓa bin iyayenta kudu, ta ga ɗakuna masu rufin ƙasa an kuma kifa musu jinka a sama. Wuta ba ta cin na ciki, ruwa ba ya taɓa ƙasar. Ta ce ita dai labari take ba kaji. Da gari ya waye maigida ya same ni ina tankaɗe, ya ce jiya wata dabara ta faɗo masa. Na ce Allah ya ƙara basira.

Geron da akuya ta rage ya yi 'yan zangarniya, ya hau ya yanko, na daka na yi kunu. Inna ta ce ita ba ta shan abin da aka nome a kan mutane. Taubashi ya shanye nata.

Da kaka ta wuce aka sake zana da ƙasar rufin, wannan karon da yankakkiyar ciyawa. Ya kira gayya, na yi tuwon dawa da miyar kuka tukunya biyu manya, aka ɗaura tsaiko na gora a kan soron, aka baibaye shi da shuci. Shi yana ƙasa yana nuni da sanda, waɗanda suka saba baibaya tun suna yara suna cewa to, suna yin yadda suka sani. Ɗakin ya fito wani iri, ƙaton bango da hula a kai. Amma bai ƙara yoyo ba, kuma a cikinsa na haifi sauran 'ya'yana.

Wata shekara wani mutum daga wajen Dandume ya kwana a zaurenmu kan hanyarsa ta kasuwa. Ya ga ɗakin, ya shiga, ya ji sanyi, ya ce shi ma sai ya yi wa iyalinsa. Maigida ya zaunar da shi ya koya masa komai dalla-dalla, har ya bi shi garinsu ya taya shi aza harsashi. Ya dawo yana cewa yanzu sana'ar ta fara yaɗuwa.

Bayan damina biyu na je wani suna a can wajen. Ina zaune cikin mata, wata doguwa ta yi ta kallona, can ta taso ta zauna kusa da ni, ta tambaya ko ni ce matar mai soro. Na ce ni ce. Ta ce ita ce matar wanda aka koya wa. Na tambaye ta yaya ɗakin. Ta ce ɗaki yana nan lafiya, jemagu suna jin daɗinsa, ita kuwa tun ranar da bangon kudu ya fara yin ciki take kwana a madafi. Ta ce ta daɗe tana son ta ga fuskar matar da ta bar mijinta ya fito da wannan ilimi waje. Na ba ta haƙuri, na ce iyakar ƙoƙarina na yi. Ta tambaye ni me nawa mijin yake gyarawa yanzu, na ce bakin rijiya. Ta riƙe baki, ta ce nata ma jiya ta gan shi yana leƙa tasu.

A wurin muka ƙulla ƙawance. Ta aiko mini da daddawa, na aika mata da zare, muka yi ta yi har girma ya zo. 'Yarta ta biyu ita ce matar babban ɗana.